Jagoran Mai Tara Fina-finan Ingila na Zamanin Da

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne, a 'yan shekarun nan an sami matasa da dama, galibinsu ɗaliban adabin Turanci da masu sha'awar tarihi, waɗanda Allah ya ɗora wa son tara fina-finan Ingila irin waɗanda akan ɗauko daga littattafan marubutan da, su Jane Austen da Charles Dickens da Elizabeth Gaskell, amma kuskurensu duka iri ɗaya ne, har ta kai mutum kan san ƙarshen zancen tun kafin mai shi ya gama kawo kuka. Wannan ya aika an sayo masa faifai daga Landan, ya iso lafiya, na'ura ta ƙi karanta shi. Wancan ya nemi riwayar 1995 ta wani fim an kawo masa ta 2005. Wani kuma ya dace da abin da yake so, amma kafin shekara ta kewayo faifan ya fara tsayawa yana tsalle saboda rashin sanin ajiya.

Mai tambaya zai iya cewa, mene ne na wahala da faifai a zamanin da ake kallo ta intanet? Amsa ita ce, abin da ke intanet aro ne, domin kamfanin da ke nuna shi izini ya karɓa na wani wa'adi, ranar da wa'adin ya cika sai a ɗauke fim ɗin ba tare da an shawarci kowa ba, sa'an nan da yawa daga cikin tsofaffin ayyukan ba a ma sa su a can; faifai kuwa mallakarka ne, ba ya neman data, ba ya neman sabunta biya. Sai dai mafi yawan hasarar da ake yi a wannan sha'ani tana aukuwa ne kafin a miƙa kuɗi, kuma maganinta yana rubuce a bayan kwali da ƙananan baƙaƙe. Kamar yadda malami in zai sayi littafi ba ya wadatuwa da sunan da ke jikin bango, sai ya duba bugun wace maɗaba'a ne, cikakke ne ko taƙaitacce, da sharhi ko babu, haka nan ya wajaba mai tara fim ya yi.

Kayan da ake buƙata

1. Na'urar faifai mai karanta kowace shiyya. In da hali a sami ta Blu-ray, domin ita tana karanta DVD, alhali ta DVD ba ta karanta Blu-ray.
2. Talabijin mai karɓar tsarin PAL da na NTSC, tare da wayar HDMI.
3. Sitabilaiza, saboda wutar da ke hawa tana sauka, da ta janareta, su ne ajalin irin waɗannan na'urori.
4. Ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, da kabad mai murfi.
5. Littafin rajista, inda za a riƙa rubuta sunan fim, da shekararsa, da adadin faifansa, da sunan wanda ya ara.
6. Littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, in yana samuwa.

Mataki na 1: Tantance riwayar da kake nema

Littafi guda akan mayar da shi fim sau da yawa, kuma duk suna ɗaya suke ɗauka. Pride and Prejudice, wanda Jane Austen ta fitar a 1813, BBC ta yi shi kashi 5 a 1980, ta sake yin sa kashi 6 a 1995 tare da Jennifer Ehle da Colin Firth bisa rubutun Andrew Davies, sa'an nan Joe Wright ya yi na sinima a 2005 da Keira Knightley. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na fuskokin 'yan wasa, domin na 1995 ya kai wajen sa'a biyar da rabi, na 2005 kuwa sa'a biyu ne da 'yan mintoci, kuma wanda aka ba sa'a biyu ya ƙunshe littafi dole ya yar da wasu mutane, ya datse hirarraki, alhali ƙarfin Austen yana cikin hirar ne. Saboda haka ɗalibin da ke son fahimtar matani ya nemi doguwar riwaya, mai son kyawun hoto a zama guda ya nemi gajeruwa. Haka Brideshead Revisited yake: akwai na kamfanin Granada na 1981 mai kashi 11, wanda Jeremy Irons ya fito a ciki, akwai kuma na sinima na 2008.

Wani lokaci ma sunan ne kawai ya haɗu, labarin bai haɗu ba. North and South na BBC na 2004, mai kashi 4, daga littafin Elizabeth Gaskell yake, kuma yana magana ne a kan masaƙun auduga na arewacin Ingila da yajin aikin ma'aikatansu. Amma akwai wani North and South na Amurka na 1985, daga littafin John Jakes, wanda ke kan yaƙin basasarsu. Ƙa'idar ita ce, kada ka aiki kowa da suna kaɗai. Ka haɗa masa abu uku, suna da shekara da babban ɗan wasa, in ya yiwu ka tura masa hoton kwalin.

Mataki na 2: Duba shiyya

Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya don kowa ya sayar a kasuwarsa, suka kulle faifai yadda ba zai yi aiki ba sai a na'urar shiyyarsa. In ka juya kwalin DVD, za ka ga wani ɗan hoton duniya a ƙasa da lamba a tsakiyarsa. Lamba 1 ta Amurka da Kanada ce. 2 ta Turai ce, har da Ingila, da Japan, da Gabas ta Tsakiya, da Masar, da Afirka ta Kudu. Najeriya da Nijar da Gana da sauran mafi yawan Afirka suna lamba 5. Watau faifan da aka saya a Landan ba zai buɗe ba a na'urar da aka kulle a shiyya ta 5, amma zai buɗe a wadda aka kulle don kasuwar Saudiyya ko Dubai. Da yawa daga cikin na'urori masu araha da ke kasuwanninmu ba a kulle suke ba, sai dai bai kamata a dogara da zato ba. Ka je shago da faifan shiyya ta 2 a aljihu, a gwada a gabanka kafin ka biya.

A Blu-ray rabon daban ne, kuma ya fi mana sauƙi, domin shiyyoyinsa uku ne, A da B da C, kuma Turai da Afirka duk suna B. Hatsari biyu ne a nan. Na farko, na'urar da aka rubuta mata cewa tana karanta kowace shiyya sau da yawa DVD kaɗai ake nufi, ɓangaren Blu-ray ɗinta yana nan a kulle. Na biyu, mai kallo a kwamfuta ya sani cewa sau biyar kawai ake ba shi damar sauya shiyya, daga nan sai ta kafe a kan ta ƙarshe. Ka kuma kiyayi na'urar da aka kawo daga Amurka, domin tasu wutar 120 ce, tamu kuwa 230 irin ta Ingila, in ba an rubuta a bayanta cewa tana ɗaukar duka biyun ba, jona ta kai tsaye ƙona ta ne.

Mataki na 3: Fahimci tsarin hoto da tsawon fim

Talabijin ɗin Ingila, kamar na Najeriya, a kan tsarin PAL aka gina shi, mai layuka 625 da hotuna 25 a sakan guda. Na Amurka kuwa NTSC ne, mai layuka 525 da hotuna kusan 30. Tun da ayyukan BBC da ITV a kan 25 aka ɗauke su, faifan Ingila shi ne asali, na Amurka juyi ne, kuma duk juyi yakan rage wani abu na kaifin hoto ko santsin motsi. Wannan ita ce hujjar fifita bugun Ingila in aikin na talabijin ne.

Fim ɗin sinima kuwa a kan hotuna 24 ake ɗaukarsa, in za a sa shi a DVD na PAL sai a ɗan ƙara masa gudu ya kai 25, watau kashi 4 cikin 100, ta yadda fim mai minti 120 zai koma wajen 115, muryoyi kuma su ɗan ƙara siriri. Masu fara tarawa sukan ga wannan gibi su yi tsammanin an yanke musu fim, alhali ko kalma ɗaya ba a cire ba. In gibin ya wuce wannan gwargwado, to nan ne ake tuhuma, domin riwayoyi sukan saɓa da gaske. Zangon farko na Downton Abbey kashi 7 ne a Ingila a 2010, amma da tashar PBS ta nuna shi a Amurka sai ta sake yanka shi zuwa kashi 4 masu tsawo, shi ya sa akan rubuta a wasu kwalaye cewa riwayar Ingila ce ta asali. Pride and Prejudice na 2005 ma an ƙara masa wata fitowa a ƙarshe don masu kallo na Amurka, wadda babu ita a abin da aka fara nunawa a Ingila.

Mataki na 4: Bincika a kan me aka ɗauki hoton

Wannan mataki shi ne mafi zurfi, kuma shi ke hana mutum ɓarnar kuɗi a kan Blu-ray ɗin da ba zai ƙara masa kome ba. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980, al'adar gidajen talabijin na Ingila ita ce a ɗauki abin da ke cikin ɗaki a situdiyo a kan kaset ɗin bidiyo, abin da ke waje kuma a kan zaren fim mai faɗin milimita 16. Shi ya sa za ka ga hoto garau yake mutum yana falo, da ya buɗe ƙofa ya fita lambu sai launi ya sauya, hoton ya yi ɗan yashi-yashi; wannan ba lalacewar faifai ba ce, haka aka yi aikin. Kaset yana da iyakar layukan da ya ɗauka, babu dabarar da za ta fito da abin da bai shiga cikinsa ba tun farko, don haka I, Claudius na 1976, wanda a situdiyo aka yi shi, DVD ya ishe shi. Zaren fim kuwa yana riƙe da fiye da abin da tsohon talabijin ya iya nunawa, kuma in aka koma kan asalinsa da ya fito daga kyamara akan sami abin mamaki. Pride and Prejudice na 1995 a kan zare aka ɗauke shi. Bugun DVD na farko launinsa a koɗe yake, fuskoki fari fat, amma da aka koma kan asali aka fitar da Blu-ray a 2008, da sabon DVD a 2009, sai ciyawa ta dawo kore, zanen furannin da ke jikin riguna ya bayyana. Haka nan a 2008, don cika shekara 100 da haihuwar darakta David Lean, cibiyar BFI ta gyara fina-finansa goma na farko, har da Brief Encounter na 1945 da Great Expectations na 1946. Duk inda ka ga bugu biyu, ka nemi wanda aka ambata gyara a kwalinsa, ka duba shekarar bugun, ba shekarar fim ba.

A nan ne kuma ake duba siffar hoto. Tsohon talabijin kusan murabba'i ne, ana rubuta shi 4:3, na yanzu kuwa mai faɗi ne, 16:9. In ka sa Brideshead na 1981 ka ga baƙi a dama da hagu, daidai ke nan. Kada ka danna rimot don ya cika allo, domin ko dai ka miƙe mutane su yi gajeru masu faɗi, ko ka sare musu kai da ƙafa. Darakta ya auna inda kowa zai tsaya, kuma a irin waɗannan labarai nisan da ke tsakanin ubangida da bara, ko tsakanin saurayi da budurwa, shi kansa magana ne. Ka kuma sani cewa wasu ayyukan ba za ka same su ba ko nawa za ka biya, domin BBC ta daɗe tana goge kaset don ta sake ɗauka a kai, sai a 1978 ta tsayar da tsarin adanawa. Wanda ya ce zai sayar maka da irin waɗannan, ka yi masa tambayoyi da kyau.

Mataki na 5: Rubutun ƙasan allo da alamar shekaru

Turancin waɗannan fina-finai na da ne, jimlolinsa dogaye, kuma bara ɗan Yorkshire ko masaƙi ɗan arewacin Ingila ba ya magana irin ta mai karanta labarai. Saboda haka rubutun ƙasan allo sharaɗi ne, ba ƙari ba, ko ga wanda ya ƙware. Ka duba an ambata shi a bayan kwali, domin da yawa daga cikin tsofaffin bugu, da faifan da jaridun Ingila suka riƙa rabawa kyauta a cikin ambulan kwali a shekarun 2000, ba su da shi. Wasu faifan Amurka kuma suna da wani ɓoyayyen rubutu mai alamar CC, wanda ba ya bi ta wayar HDMI, sai mutum ya yi ta danna rimot bai ga kome ba.

Dokar Ingila ta 1984 ta wajabta wa masu sayar da bidiyo su kai wa hukumar BBFC ta tantance, ta sa alamar shekaru: U a cikin koren alwatika na kowa ne, PG a cikin rawaya sai da kulawar iyaye, sa'an nan 12 da 15 da 18 a cikin da'ira. Kada dogayen riguna da keken doki su ruɗe ka ka ɗauka duk na iyali ne. I, Claudius cike yake da kisa da fasadin sarakunan Rum. Magidanci ya fara kallo shi kaɗai, domin ma'aunin hukumar na al'ummarta ne, amanar gidanka kuwa tana wuyanka.

Mataki na 6: Rarrabe na gaske da jabu

Faifan kamfani bugawa ake yi, bayansa fari ne kamar azurfa, akwai ƙananan lambobi a zoben tsakiyarsa. Wanda aka kwafa a kwamfuta bayansa yakan yi shuɗi ko algashi-algashi, kuma launin da aka rubuta bayanan a kansa yana dusashewa da zafi. DVD mai hawa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, don haka faifai guda da aka ce yana ƙunshe da fina-finai goma sha biyu an matse su ne har hoto ya farfashe, ban da cewa cin haƙƙin masu aikin ne. Sunayen da ake natsuwa da su sun haɗa da BBC da ITV da BFI da StudioCanal, da Criterion na Amurka. Kamfanin Network, wanda ya fitar da tsofaffin ayyukan ITV da yawa, ya rufe a 2023, saboda haka in ka ci karo da bugunsa da araha kada ka yi jinkiri.

Mafi araha shi ne na hannu, a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam ko shagunan CeX. Wanda ka aika ya buɗe kwalin a nan take, ya ƙirga faifan, ya karanta lambar kowanne, domin illar da ta fi yawa ita ce a sami faifai na biyu sau biyu, na uku babu. Ya ɗaga kowanne a haske: ƙarzanen da ya tashi daga tsakiya zuwa baki na'ura takan jure shi, amma wanda ya bi da'ira yana shafe dogon layi na bayanai a jere, shi ne mai sa fim ya kafe.

Mataki na 7: Ajiya

DVD falle biyu ne aka manne, zafi kuma yana tanƙwara shi yana sassauta mannin, don haka kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kan na'urar da ta yi zafi. A jera kwalaye a tsaye cikin kabad, a rufe saboda ƙurar hunturu, a riƙa buɗewa da damina don iska ta shiga. A kama faifai ta baki da ramin tsakiya, in za a cire shi a danna maɓallin tsakiyar kwali, kada a fizge, domin tsagewa daga nan take farawa. In za a goge, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaya. Wanda ya gāji kaset ɗin VHS ya gaggauta juya su zuwa kwamfuta, domin tun 2016 aka daina ƙera na'urarsu, kuma kaset mai fumfuna yana ɓata kan na'ura ya shafa wa na bayansa.

Mataki na 8: Ladabin kallo

Duk wannan ɗawainiya ba ta da fa'ida in an zauna ana kallo ba a gane abin da ke damun mutanen cikin labarin ba, kuma abu biyu ne ke buɗe mafi yawansu: kuɗi da gādo. A wancan zamani fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, lissafin da iyayenmu suka yi aiki da shi a Najeriya har aka kawo naira a 1973. In ka ji a Pride and Prejudice Darcy yana samun fam 10,000 a shekara, mahaifin Elizabeth yana samun 2,000, Jane Eyre kuwa, a nata labarin, albashinta na koyar da yarinya fam 30 ne a shekara, ka san tazarar da ke tsakaninsu ba sai an faɗa ba. Game da gādo, akwai gidajen da aka ɗaure wa sharaɗin cewa namiji kaɗai zai gaje su. Bennet, mahaifin Elizabeth, 'ya'yansa biyar duk mata ne, ranar da ya mutu gidan na wani ɗan'uwansa ne, Collins. Mai karatu da ya tashi a kan shari'ar da ta yanka wa 'ya mace rabonta zai iya ɗaukar uwar 'yan matan a matsayin mai kwaɗayi kawai, alhali tsoron kwana a waje ne ke sa ta neman musu miji ido rufe. Wannan mas'alar ita ce kuma ginshiƙin zangon farko na Downton Abbey, wanda ya buɗe da nutsewar jirgin Titanic a 1912.

Kada a haɗiye kashi shida na Pride and Prejudice a dare ɗaya. Mako-mako aka nuna su, kuma littattafan Dickens irin su Bleak House wata-wata suka riƙa fitowa, don haka kowane kashi an gina shi ne ya bar mutum da abin tunani. Ka kalli ɗaya, ka karanta babukan da suka yi daidai da shi, ka lura da abin da aka bari da abin da aka ƙara, domin a wannan gwami ne ake koyon yadda ake gina labari.

Wanda zai fara, shawarata ya fara da uku: Pride and Prejudice na 1995 bugun da aka gyara, da North and South na 2004, da The Remains of the Day na 1993 wanda Anthony Hopkins da Emma Thompson suka yi. In ya gama su da natsuwa ya matsa zuwa Bleak House na 2005 mai kashi 15, da The Jewel in the Crown na 1984 mai kashi 14, wanda ke kan ƙarshen mulkin Ingila a Indiya. Faifai goma da aka zaɓa da ilimi, aka kalla aka maimaita, sun fi ɗari da aka tara don a cika kabad. In kuma za ka ba da aro, ka ba da kwalin gaba ɗaya, ka rubuta suna da rana a rajista, ka nuna wa mai aron yadda ake riƙe faifai kafin ya fita da shi. Allah ya sa mu amfana da abin da muka gani.